Takardar da Na Liƙa wa Faifai

Kowa a Tambuwal ya ce tsohon kaset ɗin bidiyon sunan 'yarmu ba zai taɓa komawa faifai ba. Ni kuwa da na yi ritaya daga ofishin ajiye takardu ban saba da irin wannan magana ba. Mako biyu ina fama da wayoyi da kwamfuta, har na gano irin fayil ɗin da na'urar dibidi take karɓa.

Maiɗakina Hajiya Luba ta kira yayarta daga Kebbe, domin a kaset ɗin nan kaɗai fuskar marigayiya mahaifiyarsu ta rage.

Na ga bai kamata faifai ya fito babu suna ba. Na rubuta takarda da kyakkyawan hannu, na liƙa ta da gam a fuskar da take ƙyalli, don ita ta fi cancanta. Ashe nan na'ura take karantawa. Da na sa mata faifan, ta yi gurnani, ta tofo shi.

Yaya ta juya faifan, ta ce, "Alhaji, ka rufe ma Inna ido, ta ina za ta gan mu?"

Har yau in na ɗauko alƙalami, sai Hajiya ta ce, "A ɓoye madubi."

Duk da haka ina so a rubuta cewa a faifai na biyu Inna ta fito tana dariya, 'ya'yanta suna hawaye, ranar Alhamis ta farko bayan Babbar Salla.