Injiniya Ba-Matsala da 'Yar Na'urar Surukarsa

Idan ana lissafin masana na'ura a unguwar nan, da Injiniya Ba-Matsala ake farawa, a kansa kuma ake tsayawa, don shi ma nan yake tsayawa. Ba makaranta ce ta ba shi injiniyancin ba. A ofishinsu, inda aikinsa buga hatimi a takardu, wata rana injin buga takarda ya ƙi tashi, ya kai masa mari a gefe, injin ya tashi. Tun daga ranar ya daina amsa gaisuwar masinja. Ba-Matsala kuwa abokan aiki ne suka laƙa masa, saboda ita ce kalmar da yake faɗa kafin abu ya lalace a hannunsa. Shi ya ɗauka lambar yabo ce.

Makaminsa wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ce da ta girmi 'yarsa ta fari. Da salatif aka ɗaure murfinta. Batirinta ya daɗe da rasuwa, in ba a jona ta da wuta ba ko tari ba ta yi. Duk da haka a jaka mai ƙyalli yake rataya ta, ko aski zai je.

Mutum ɗaya ce a duniya ta ƙi yarda da wannan baiwa, wato surukarsa, uwar matarsa. Ko a gaban baƙi "mai hatimi" take ce masa. Abin yana ci masa rai ƙwarai, kullum jira yake ranar da za ta ce "Injiniya" da bakinta.

Sai ga ta ta zo musu kwana biyu, riƙe da wata 'yar na'urar sauraron waƙa, sabuwa dal, ba ta fi kwalin ashana ba. Autanta ne ya aiko mata, bayan ya sha wahalar tattaro mata waƙoƙin zamanin ƙuruciyarta ya zuba a ciki. Ta zauna a falo da abin ji a kunne, tana kaɗa kai, tana murmushi ita kaɗai. Injiniya ya ga na'ura tana aiki a gidansa ba da izininsa ba, hankalinsa ya tashi.

"Mama, an yi mata rajista kuwa?"

"Rajistar me? Ai tana waƙa."

Ya yi dariyar tausayi. "Haka jama'a suke cutar kansu. Sabuwar na'ura, Mama, sai an gabatar da ita ga babbar kwamfuta sun san juna, sannan ta zauna daram. Allah ya taimake ki kina da masani a gida."

"Baban yara, ka bar mata kayanta," in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Ba matsala," in ji shi. Matar ta dafe kai ta koma ciki.

Ya share tebur, ya naɗe hannun riga, ya kunna kwamfuta. Fankarta ta ɗau ƙugi har yara suka leƙa waje ko an tada janareta. Kafin fuskarta ta kawo haske, surukar ta yi hamma ta gyara zama. Da ya zo soka wayar na'urar a jikin kwamfuta, sai ya tarar kan wayar ɗan siriri ne na zamani, ramukan kwamfutar kuwa manya ne irin na da. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya hura ramin da baki, sannan ya sanar cewa kamfanin ya yi kuskure, zai rubuta musu. Ya fita shagon bakin titi ya sayo mahaɗin da zai haɗa ƙaramin kai da babban rami, ya dawo yana share gumi yana ba da labarin yadda ya wayar da kan mai shagon.

Waya ta shiga. Kwamfuta ta yi tunani mai tsawo, ta jefo saƙo, ta sake jefo wani. To, Injiniya yana da ƙa'ida: karanta gargaɗi aikin 'yan koyo ne. Duk abin da ta tambaya, amsarsa "na yarda". Saƙon ƙarshe cewa ya yi, a goge duk abin da ke cikin 'yar na'urar, a cika ta da sautin da ke cikin kwamfuta? Ya danna da ɗan yatsa ɗaya, idonsa na kan surukarsa.

"An gama. Yanzu za ki ji bambanci."

Bai yarda ta ji ita kaɗai ba. Ya jona na'urar da lasifikar falo, ya kira matarsa da yara, ya tsaya ya harɗe hannu. Sai aka ji gyaran murya, muryar da kowa ya sani.

"Na gode, na gode. Ku zauna mana, tafin ya isa. Ni ban nemi kujerar darakta ba, ita ta neme ni." Daga nan aka ji mai jawabin yana yi wa kansa tafi da shewa.

Ashe duk sautin da ke cikin kwamfutar atisayen jawabi ne da yake ɗauka idan ya kulle kansa a ɗaki. Ya yi tsalle ya danna na gaba, yana fatan waƙa. Sai muryarsa ta sake fitowa daga lasifika.

"Mama, da girmanki da komai, daga yau Injiniya za ki riƙa ce min. A'a, bari in sake, da kaushi. Mama!"

Yara suka zube ƙasa. Matarsa ta cusa mayafi a baki. Shi kuwa ya yi wuf ya kashe lasifikar.

"Ina waƙoƙina?" in ji tsohuwar a hankali.

"An... an sabunta su, Mama. Kawo in goge wannan, ba mats..."

Ta riga shi kai hannu. Ta zare na'urar, ta ƙulle ta a bakin zane.

"Ka goge min ɗaya, ba za ka goge min biyu ba. Gobe ƙawayena za su taru a gidana, duk sai sun ji." Ta juya ga 'yarta. "Ke, zo ki nuna min inda ake ƙara murya."