Kwana Uku a Kan Motar Fasto

Shekara ashirin ina gyaran mota a Kafanchan. Da aka turo motar Fasto garejina ta ƙi tashi, na ce, "Baba, auren da za ka ɗaura a Zonkwa ran Asabar, da ita za ka je."

Na jona kwamfuta, ta ce lafiya lau. Na ce ƙarya take. Na canza famfon mai, na wanke nozul mai fesa wa inji mai, kwana uku ina zufa.

Ran Juma'a matar Fasto ta zo. "Oga, ka danna abin ɓarayi?" Ta laluba ƙarƙashin kujera, ƙyas, mota ta tashi. Ashe makunnin sirri ta sa aka ɗaura, Fasto ya manta.

Har yau ko babur ya mutu a layinmu, sai a ce, "Injiniya, a kira Mama Fasto?"