Igiyar Birgin Baba Mazari

Abubuwan kunya da yawa sun same ni kuma sun wuce, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin da Baba Mazari ya zo wasa Haɗeja ba. Ko na so in manta, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba.

Baba Mazari ɗan wasan barkwanci ne, dattijo siriri, wanda idan ya kwaikwayi tsoro har hularsa sai ta yi rawa. Tun ina ɗan sakandare nake leƙensa a talabijin ɗin maƙwabta. Yau ga ni malamin firamare, furfura ta fara leƙowa, amma ban daina ba. Na haddace tafiyarsa, na haddace har tarinsa. Matata Hajara takan ce da za a tambaye ni ranar aurenmu sai na yi dogon tunani, amma launin rigar da Baba Mazari ya sa a wasa kaza ko gargada ba zan yi ba. (Ba sharri ta yi mini ba.)

Kafin in kai ku ɗakin taron, bari in tona wa kaina wani asiri. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, masunci ne a wani ƙauye cikin fadama. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya ɗauke ni a kwale-kwale, ya miƙa mini birginsa, wato ragar nan mai dalma a baki wadda ake jefawa ta buɗe a kan ruwa. Birgi yana da igiya, kuma abu na farko da ake koya wa kowa shi ne a ɗaura ta a wuyan hannu. Ni kuwa na ga masunta suna kallona, kaina ya kumbura. Na yi jifa mai kyau, ragar ta buɗe kamar faifai, ta nutse a gurbi mai zurfi, igiyar ta bi ta a baya tana yi mini sallama. Ba a ƙara ganinta ba. Da muka koma gida ne mahaifina ya ce wa innata, "Wannan a bar shi ya riƙe biro." Masunta sun shekara suna dariya, ni kuma har yau idan na ga igiya tana lilo sai gabana ya faɗi.

To, ranar da mota mai lasifika ta zaga gari tana shelar zuwan Baba Mazari, ban iya cin abincin rana ba. Na sa aka yi mini bandar tarwaɗa mai kyau, aka naɗe a takarda, don ba a zuwa garinmu a koma ba kifi. Na kai farin kaftanina guga. Na kuma tsara jawabin da zan yi masa idan an tashi, jawabi mai gabatarwa da kammalawa. Burina ɗaya: ya bar Haɗeja da mutuncinsa, kuma ya san akwai ni a duniya.

Ranar wasan, bayan La'asar muka hau adaidaita ni da abokin aikina Malam Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna da ya daɗe a garin har ya fi ni sanin lunguna. Muka samu wuri a layi na biyu. Da Baba Mazari ya fito, kunnuwana suka toshe. Ina kallonsa, ina maimaita jawabina a zuci, ina gyara wata kalma da ba ta zauna ba. Shi ya sa kowa a ɗakin ya ji farkon wasan ban da ni. Ashe ya fito ne a ɗan birni mai cika baki, wanda ya yi wa sarkin ruwan wani ƙauye ƙaryar shi gwanin su ne, har aka ara masa birgi.

Ni dai na farga ne na ga an shimfiɗa shuɗin yadi a matsayin kogi, an ajiye benci a matsayin kwale-kwale, gwanina yana tsaye a kai da raga a kafaɗa. Igiyar kuwa tana lilo, ba a ɗaure ba.

Ya yi shillo da ragar sau ɗaya, ɗaki ya ɗauki dariya ƙasa-ƙasa. Na waiga. Rabin mutanen nan jikokin masunta ne, na san dariyar nan, an taɓa yi mini ita. Zuciyata ta ce, yanzu za a yi wa baƙonka abin da aka yi maka, a garinku, kana zaune.

Malam Yohanna ya riƙe mini hannun riga. "Malam, ina za ka? Zauna mana, wasa ne."

Na fizge. Ban san lokacin da na hau matakalar dandamali ba. Na ratsa shuɗin yadin nan, na kama hannun Baba Mazari, na zarga igiyar, na ƙulle ta tamau. Sannan na ce, daidai saitin abin maganar da ke maƙale a ƙirjinsa, yadda har na bakin ƙofa suka ji, "Baba, ka yi haƙuri, ba a jefawa sai an ɗaura."

Baba Mazari ya dube ni, ya dubi hannunsa, ya rufe abin maganar da tafinsa, ya raɗa mini, "Ɗana, wata uku muna gwada yadda ragar nan za ta ɓace. Duk sauran wasan a kan ɓatanta yake."

A nan ne na juya na ga jama'a. Ga hedimastanmu da baki buɗe. Ga iyayen yaran ajina. Ga Malam Yohanna ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Ga ni kuma tsaye, ƙunshin kifi a hammata (wallahi ban san na hau da shi ba). Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Sai na ga hular Baba Mazari ta fara rawa. Gwiwoyinsa suka ɗauka, bencin ma ya ɗauka.

"Jama'a, na shiga uku," in ji shi. "Mutum ya taso daga tsakiyar kogi da kaftani da takalmi, ko jiƙewa bai yi ba." Ya matso ya sunsuna hammatata. "Ga shi har da kifinsa, an riga an yi banda. Ranka ya daɗe, sarkin aljanun ruwa, kwance ni ka tafi da ragar, na bar maka."

Har yau ban ƙara jin dariya irin ta ranar ba. Wata tsohuwa sai da aka ba ta ruwa. Ni kuma na duƙa kwance igiya, ta ƙi kwantuwa, don ɗaurin wanda ya shekara talatin yana nadama na yi mata. Sai da na sa haƙori. Ya ɗora mini ragar a kafaɗa, na sauko da ita dalma tana dukan ƙwaurina. Haka ragar ta ɓace, wasa ya ci gaba. Duk sanda ya rantse wa sarkin ruwa cewa aljani mai farin kaftani ne ya ƙwace ta, ɗaki gaba ɗaya sai ya juyo ya kalle ni.

Da aka tashi gab da Magariba na so in sulale, Malam Yohanna ya ce, "Aljani, kayan mutane fa?" Ya tasa ni gaba har bayan dandamali. Muka tarar da Baba Mazari a zaune ba hula, yana shan ruwa, tsoho ne kawai da ya gaji. Jawabina ya gudu, gabatarwa da kammalawa duka. Sai na ji bakina yana ba shi labarin birgin mahaifina, labarin da ko Hajara ban taɓa ba ta cikakke ba.

Bai yi dariya ba. Ya shafa wuyan hannunsa inda igiyar ta yi shaida, ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinka. Ashe ba ni ka zo ɗaura wa ba, ɗana. Yaron nan na cikin kwale-kwale ka zo ɗaura wa." Ya karɓi kifin da hannu biyu, ya tambayi sunana, ya ce in dai yana raye ba zai manta da Haɗeja ba. Na yarda da shi.

Yanzu daga masu adaidaita har 'yan aji uku, Aljanin Ruwa suke kirana. Hajara idan za ta shanya wanki takan ce, "Malam, zo ka duba ko igiyar ta ɗauru." Na koyi zama a layin baya, in danne hannuwana da cinyoyina, in kuma saurari farkon magana kafin in tashi ceton kowa. Amma tsakanina da ku, ɗaurin nan ya yi kyau. Da mahaifina ya gani, ina jin da ya sake miƙa mini birgi.