A Kashe Injin Jirgi Tukuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo neman auren 'yata Hauwa ba, domin saura ƙiris in rushe maganar da bakina.

Ni mutum ne mai fargaba. Tun da wuta ta lashe hannun maƙwabcina a fadamar Haɗejiya, yana zuba fetur a injin ban-ruwa bai kashe ba, na kafa wa kaina doka: a kashe inji, ya huce, sannan a zuba mai. (Ko babur ne sai na taɓa shi da bayan hannu.)

Manemin, Sani, injiniya ne a ɓangaren jiragen sama. Iyayensa suka zo daga Kafin Hausa, aka zauna a zaure. A al'ada uban yarinya ba ya sa baki, yayana Habu ne waliyyi. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofa.

Sai kawun yaron ya ciro waya ya nuna mana bidiyon sana'ar ɗansu. Ga jirage biyu a sararin sama, na gaba ya zuro tiyo, na baya yana shan mai, suna ta sheƙa gudu.

Na hango Hauwa cikin takaba. Ban san sa'ad da na miƙe ba.

"A gafarce ni! Mai zuba mai inji yana aiki, ba zan ba shi 'ya ba. Su kashe injin tukuna mana!"

Yaya Habu ya dube ni.

"To ƙanena, in sun kashe, a gindin wace bishiya za su faka?"

Aka fashe da dariya, har liman yana share hawaye da bakin rawani.

Kawun ya ce a natse, "Malam, ai abin da kake tsoro shi ne aikin Sani. Shi ba ya ma hawa. Na'urori yake haɗawa masu auna tazarar jiragen. In sun matsu da yawa su yi ƙara, in mai ya fara yoyo su datse shi. Kullum tunaninsa me zai iya lalacewa."

Wato irina ne sak, boko kawai ya fi ni. Na so ƙasa ta tsage in shige.

An dai ɗaura aure. Amma har yau in na doshi majalisa sai wani ya ce, "A kashe jirgi, ga surukin injiniya nan!"

Yanzu a taro, bakina nake yi wa dokar inji: in kashe shi, ya huce tukuna.