Kowa Ya Tsaya a Kan Nasa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina, da wata Laraba da na tara gari guda a filin makaranta, na tsaya gabansu da rula a hannu ina ta zuba kamar kanya, alhali ni da na kira taron ban san maganar da ake yi ba.

Lokacin ina sabon malami, ƙurar allon kwaleji ba ta gama fita daga kaina ba, aka turo ni wata firamare a wani ƙauye tsakanin Mafara da Maradun. Shekarun aikin madatsar Bakolori ne. Yawancin iyayen yaranmu mutanen da ruwa ya ci garuruwansu ne, aka kwaso su aka zube a kan tudu, aka yanka musu gonakin da tsakuwa ta fi ƙasa yawa. Ni kuwa ɗan mahauta ne daga cikin Mafara, gidanmu ko kunya ɗaya ta gona ba mu da ita. (Ku riƙe wannan, don shi kaɗai ne uzurina, kuma ni ma na san gurgu ne.)

Hedimastanmu, Malam Shehu, yana da wata al'ada. Ƙarshen kowane zango sai ya tara mu malamai a gindin dogon yaro mu duba aikinmu, kowa ya faɗi inda ya gaza. In ka ce masa "lafiya lau", sai ya ce to kai ne ba ka da lafiya. A zaman wannan zangon muka yarda da abu biyu: yara na raguwa, kuma iyaye ba su san abin da muke yi da 'ya'yansu ba. Katin sakamakon da muke bayarwa da boko yake, su kuwa ajami suke karantawa, sai ka tsinci naka ranar kasuwa an ƙunshe ƙuli-ƙuli da shi. Malam Shehu ya yanke cewa a kira iyaye, a gwada yara da baki a gabansu, karatu da lissafi, kowane uba ya ga nasa da idonsa, su ma su faɗa mana laifinmu.

"Amma kada a ce musu jarrabawa," in ji shi. "Yara na jin kalmar sai ciwon cikin ƙarya ya tashi. A nemo wata."

Caraf na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini."

Ina da dalilina. A ajina akwai wata yarinya, Hassi, 'yar Malam Bawa, wanda gonarsa ke jikin filin makaranta. Yarinyar nan kafin in gama rubuta tambaya a allo ta ɗaga hannu. Ubanta bai yarda da boko ba, da ƙyar da roƙo Malam Shehu ya karɓo ta, kuma kullum a kan siraɗi zamanta yake. Burina in tsayar da ita gaban gari ta yi karatu, Bawa ya ji da kunnensa, ya bar ta ta wuce gaba. (To, da kuma son a ce wannan ɗalibar wane ce. Ba zan yi muku ƙarya ba.)

Malam Shehu ya hau kekensa ya tafi ofishin ilimi a Mafara, ya ce sai ranar taro da safe zai dawo. Ni kuma na zauna na wasa ƙwaƙwalwa, har na samo kalmar da na ga babu kamarta. Ai auna fahimtar yara za mu yi. Ke nan awo! Har tafa wa kaina na yi. Na kira sankiran gari, mai shela, na karanta masa saƙo, na ce ya haɗa da sunan hukuma don kada su raina kiran. Bai tambaye ni komai ba, lokacin ba a tambayar hukuma. Ina ɗakina na jiyo shi:

"Kuna ji jama'a! Hukuma ta gaishe ku! Ran Laraba akwai awo a filin makaranta! Kowa ya zo da kansa, ban da aike, ya tsaya a kan nasa! Wanda bai zo ba kada ya yi kuka da kowa!"

Na ce kai, madalla, maganar ta fita kamar a rediyo.

Abin da ban sani ba, awon da na sani na hatsi ne a kasuwa, awon da suka sani daban ne. Haka aka yi musu shela a tsohon garinsu: akwai awo, kowa ya tsaya a kan nasa. Suka tsaya a kan gonakinsu, masu awo suka zo da igiya da turaku da doguwar sanda mai lambobi, suka auna, suka tafi. Bayan nan sai ruwa.

Ni kuwa gogan naku, ranar Talata na ce bari in tsara fili yadda aka koya mana a kwaleji, kowane aji da gurbinsa. Na kafa turaku, na ja igiya, har na ɗaura jajayen ƙyallaye don kada wani ya yi tuntuɓe. Turke na ƙarshe a bakin gonar Bawa ya faɗa. Bazara ce, yana can yana watsa taki. Ya miƙe ya daɗe yana kallona. Na ɗaga masa hannu da fara'a na ce, "Malam Bawa, gobe fa naka ne kan gaba!"

Wallahi haka na ce masa.

Ranar Laraba fili ya cika maƙil. Tsofaffi da magidanta, wasu da sanda, wasu da fartanya a kafaɗa, mata sun yi cirko-cirko a bayan danga. Yara ne dai ƙalilan, kuma ba mai dariya, amma na ce kwarjinin hukuma ne. Sauran malamai baƙi ne kamata, suna ta yi mini barka. Malam Shehu bai iso ba, ni kuma na ga ba zan bar wannan taro ya huce ba. Na fito da farar rigata da na kwana da ita ƙarƙashin katifa don ta yi kari, na riƙo babbar rular allo. Ina fitowa da ita sai na ji wata mata ta ce, "Innalillahi, ga sandar!"

Na gaisa da mai unguwa da liman, ina gajiya, ina iyali, yaya zafi, suka amsa a daƙile. Na gyara murya.

"Iyayena, mun zauna mun duba naku ɗaya bayan ɗaya. Wasu na da albarka ƙwarai. Wasu kuwa, duk wahalar da ake sha a kansu, ba sa ba da komai. Yau za a auna a gabanku. Masu kyau hukuma za ta ɗauke su ta yi gaba da su. Marasa kyau a bar muku su a inda suke."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani tsoho da ake kira Baba Altine ya dogara sanda ya miƙe.

"Yaro, wancan karon ma masu kyau kunka ɗauka. Fadama duka kunka ɗauka, kunka bar muna tsakuwa. Yanzu tsakuwar ma tsince ta za ku yi?"

Na ɗauka habaici yake yi wa jikansa, wanda kullum shi ke zuwa na ƙarshe a aji. Sai na yi murmushin manya na ce, "Baba, haƙuri za ka yi. In naka ba shi da ƙwaƙwalwa, ai ba laifin malamai ba ne. Ya maimaita shekara, ƙila ya gyaru."

Tsohon ya dubi mai unguwa, ya dube ni. "Gonar ce ba ta da ƙwaƙwalwa?"

"Wace gona?"

"To mi za ku auna?"

"Yara mana!"

"Yara?" in ji wani daga baya. "Yanzu har ɗiyanmu za ku auna ku kwashe?"

Mata suka sa salati, wata ta fizgi hannun ɗanta ta zura da gudu. A daidai nan Malam Shehu ya shigo yana jan keke, taya ta yi faci a hanya. Ya dubi turaku, ya dubi jajayen ƙyallaye, ya dubi rular hannuna. Da mari ya yi mini da ya fi wannan kallon sauƙi. Ya cire hularsa ya durƙusa gaban dattawa, ya yi musu bayani tiryan-tiryan, ya rantse ba mai taɓa ko taku ɗaya na gonar kowa.

Dattawa suka dubi juna. Can sai Baba Altine ya fara dariya, irin wadda ke zuwa da hawaye, har sai da aka riƙe shi. Gari ya ɗauka. Wani ya ce, "Malam Awo, zo ka auna jakina, shi ma ba shi da ƙwaƙwalwa!" Ni dai ina tsaye, gumi ya gama da karin rigata, na rasa inda zan ajiye rular nan, na ɓoye ta a bayana kamar wanda ya sato ta.

Na ce bari in wanke kaina da abin da na tanada. Na ɗaga murya: "Ina Hassi? Hassi 'yar Malam Bawa ta fito ta yi karatu!"

Dariyar ta yanke. Maƙwabcin Bawa ya ce, "Bawa ya tashi tun jiya da la'asar, Malam. Ya ga turkenka, kac ce mai nashi ne kan gaba. Ya ɗora kaya bisa jakai da iyalinsa duka. Ya ce ba ya tsayawa a auna shi sau biyu."

Ƙarshen mako na ari keke na bi sawunsu, har wata 'yar tunga can gaba da Faru inda danginsa suke. Bawa ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa kamar ba abin da ya faru. Hassi ta kawo ruwa ta durƙusa, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," da muryar nan da take amsa tambaya a aji. Na kwashe labari na faɗa masa, na ba shi haƙuri, na ce gonarsa na nan, takinsa na nan. Ya saurare ni har ƙarshe, bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba.

"Na ji, Malam, kuma na yafe. Amma 'yan uwa sun ba ni aron wuri, na kafa bukka. Wanga karon kuskure ne. In na gaske ya zo fa?"

Na tambayi inda makaranta take a wajen, ya nuna mini da haɓa can nesa, inda ba uban da zai tura 'yarsa ita kaɗai. Hassi ta raka ni bakin hanya, ta tambaye ni ko an gama labarin da muka fara karantawa a aji. Na ce ba a gama ba, muna jiranta. Ni da ita duk mun san ba haka ba ne.

Taron iyayen ya ɗore, har ya zama abin da aka san makarantar da shi. Kowane zango uba na tsayawa bayan ɗansa, malamai su faɗi inda suka gaza, iyaye su faɗi nasu, kuma mutanen garin ba su fasa kiransa ranar awo ba, don tsiya. Sunan Malam Awo ya bi ni har na yi ritaya. Tun daga lokacin ban sake aika wa iyaye saƙo ba sai na fara faɗa wa wani tsohon garin, na tambaye shi, "Baba, me ka ji na ce?" Na koyi cewa kafin ka auna ɗan mutane, ka fara auna bakinka. Darasi ne mai kyau, ba na musu. Abin da ke ci mini rai har yau, ni na koya, Hassi ce ta biya.