Ɗumin Motar Kawu Barau

A ƙauyen Kwarin Tsauni, can gindin duwatsu inda sanyi kan sauko da wuri ya daɗe bai tafi ba, an yi wani mutum mai suna Sallau. Ya kai shekara arba'in, ƙato ne mai ƙarfin gaske, sai dai duk maganar da aka faɗa masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari. Tun rasuwar mahaifiyarsa yake zaune a gidan kawunsa Malam Barau, tsohon direban babbar mota, da matar kawun, Inna Kande. Ɗansu Hashimu, da ke aiki a birni, shi ya saya wa uban wata 'yar mota ta zamani, don tsofaffin su huta da tsayuwar bakin titi. Malam Barau kuwa ya riƙe ta yadda ya saba riƙe manyan motocin da. Kowace safiya sai ya tayar da ita, ya bar ta tana kuka a tsaye kusan rabin awa.

Wata rana da sassafe, ɗari ya tsananta har ruwan randa na cizon yatsa. Malam Barau ya ce, "Sallau, yau motar nan sai ta ji ɗumi sosai kafin ta motsa." Sallau ya je ya shafa jikinta, ya ji ta kamar ƙanƙara, tausayi ya kama shi. Ya bi ɗaki-ɗaki ya kwashe barguna, har da wanda Inna Kande ke lulluɓe da shi tana barcin mura, ya rufe motar ruf. Murar Inna ta koma tari, ta yi mako guda a kwance. Sallau ya yi makon nan zaune a ƙofar ɗakinta. Ya san ya yi laifi, amma bai san a ina ba.

Wata rana, bayan Inna ta miƙe, Malam Barau ya zaunar da shi ya ce, "Ba bargo ake ba mota ba, ɗan nan. Wuta ake ba ta, ta yi ɗumi daga ciki." Sallau ya ce, "To, Kawu." Gari na wayewa ya cika kasko da garwashi, ya tura shi ƙarƙashin motar, ya durƙusa yana fifita. Allah ya sa tsohon ya fito a kan kari. Bai tsaya neman sanda ba, da ƙafa ya shure kaskon, garwashi ya zube masa a kan yatsu. Kwana goma yana ɗingishi zuwa masallaci, bai kuma ce wa Sallau uffan ba. Shirun nan ya fi duka yi wa Sallau ciwo.

Wata rana Hashimu ya zo duba ƙafar uban, ya tarar da motar na ta kuka a tsaye. Ya ce, "Baba, irin waɗannan ba sa bukatar haka. Injinsu da kansa yake auna man da zai sha, ko da sanyi. Rabin minti ya isa, sai a ja ta a hankali. A tafiya take yin ɗumi."

Malam Barau ya ce, "Shekara talatin ina kan hanya, yau kai za ka koya mini?"

Hashimu ya sunkuyar da kai, da yamma ya koma birni. Amma Sallau ya riƙe maganar. Washegari ya yi abin da ya saba ganin Kawu na yi da hannu kafin ya tashi, ya saki birki, ya koma baya ya sa kafaɗa. Motar ta yi tafiya kuwa. Ta bi gangare, ta ratsa shinge, ta tsaya a tsakiyar lambun barkonon Inna. Ranar Malam Barau ya kira kafinta, aka yi wa rumfar motar bango da ƙofar kwano, da sakata ta ciki. Daga nan kullum sai ya shiga ya kulle, ya tayar da ita, ya zauna a ciki shi kaɗai, ba Sallau, ba mai gaya masa zamani ya canja.

Wata rana, a sanyin da ya fi na kullum, kunu ya huce tsohon bai fito ba. Inna Kande ta gaji, ta ce cikin mita, "Sallau, je ka kira kawunka. In ya ƙi tasowa, ɗauko shi ka kawo mini."

Sallau ya je ya buga ƙofa. "Kawu, Inna na kira." Ba amsa, sai kukan inji. Ya sake bugawa, har sau uku. Ya ce a ransa, to ya ƙi ke nan. Ya ja da baya, ya daki ƙofar da kafaɗa, ta faɗi gaba ɗayanta. Ya tarar da tsohon ya kifa kai a kan sitiyari. Ya sungume shi, ya saɓa a kafaɗa, ya kawo shi tsakar gida ya ajiye a kan tabarma.

Inna ta miƙe tana salati. "Kai Sallau! Kawun naka za ka ɗauko kamar buhu?" Sai ta durƙusa kusa da shi, don ta ga Malam Barau bai buɗe ido ba.

Maƙwabci ne ya ja motar zuwa asibitin gari. Likita ya ce hayaƙin mota a rufaffen wuri akwai guba a cikinsa wadda hanci ba ya ji, barci take sa mutum, daga barcin ya wuce. Ya ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan, da ba nan za a kawo shi ba.

Da la'asar Malam Barau ya farfaɗo sosai, ya ga Hashimu a gefen gado. Ya dube shi ya ce, "Rabin minti ka ce?"

"Rabin minti, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Sallau na raɓe a bakin ƙofa, ya matso yana murza hannu. Ya ce, "Kawu, na karya maka ƙofa."

Malam Barau ya kamo hannunsa ya riƙe. Ya ce, "Bar ta yadda take. Kada kowa ya taɓa ta."

Har yau ƙofar na nan kwance inda ta faɗi, ciyawa ta tsiro ta gefenta. Ko shi Malam Barau ɗin ya kai hannu zai gyara mata zama, sai Sallau ya taso ya tsaya a gabansa.