Cikin Soja

Ko da tsufa zai cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na tafi asibitin dabbobi neman faɗa, na dawo ina neman inda zan sa fuskata. Amma bari in fara gaya muku sana'ata, don a nan kunyar take. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a nan Jos. Shekara da shekaru ina bin yara da jan biro: ba a cewa "mamana ya tafi kasuwa", ta tafi ake cewa. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda ba da Hausa suka tashi a gida ba, "ya" ɗaya ke yi musu aikin mace da namiji, kuma ban taɓa jin wanda ya ɓata a hanya saboda haka ba. Ni kaɗai na ɗora wa kaina gyaran abin, kamar an ba ni kwangila.

Mahaifiyata, Hajiya, tana da wani muzuru mai suna Soja. Tun rasuwar Baba shi ne abokin hirarta. Da shi take karin kumallo, shi take yi wa faɗa, a ƙafafunta yake kwana. Da ƙanwata ta haihu a Kaduna, Hajiya ta shirya tafiya zaman jego, sai ta sa aka kawo Soja gidana a Dutse Uku, da kwanonsa da tsohon zanen da yake kwanciya a kai.

"Ga amana nan," in ji ta. "Ban yarda in dawo in tarar da wani labari ba."

Na ce, "Haba Hajiya, mage ce fa."

Ta yi min kallon da ta daina yi min tun ina firamare.

Makonnin farko lafiya lau. Soja ya ci, ya haura katanga, ya dawo lokacin da ya ga dama. Can sai na lura cikinsa na tasowa. Da farko na ce daɗin gidana ne (har na yi wa kaina kirari a zuci). Amma ciki ya ƙi tsayawa. Ya fito ta gefe da gefe kamar an cusa masa ƙwarya, tafiya ma sai da rangaji. Duk ranar da Hajiya ta bugo waya ta tambaye shi, sai in ce lafiya ƙalau, in yi maza in koma tambayar jaririya.

Na kai maganar ɗakin malamai, kuma a nan kaina ya gama ɗaurewa. Wani ya ce in tafi wancan babban asibitin da masu hali ke kai karnukansu. Da ya faɗi kuɗin buɗe kati kawai, sai da na tambaye shi ko har da gado da abincin majinyaci. (Ni ban ma san ana buɗe wa mage kati ba.) Wani ya ce in daina wahalar da kaina, in je kasuwar dabbobi in sayi maganin tsutsa. Wani ya ce sammu ne. Madam mai koyar da lissafi ce ta ja ni gefe ta ce akwai Dakta Kangyang a Tudun Wada, ita ke duba mata karenta, ba ta da tsada kuma ba ta rubuta maganin da babu buƙatarsa. Wata ya yi nisa, aljihu ya yi sanyi. A duk bayanin Madam, "ba ta da tsada" kawai na ji.

Na tura Soja cikin kwalin taliya, na huda ramuka, muka hau keke mai ƙafa uku. Tun daga Dutse Uku har Tudun Wada yana kuka, fasinjoji suna kallona kamar na sato shi.

Dakta Kangyang mace ce mai fara'a, da tabarau a saman goshi. Ta ɗora Soja a tebur, ta lallatsa cikin a hankali, ta sa abin sauraro a kunne, sannan ta yi murmushi.

"Oga, wannan yana da ciki fa."

Na ce, "Na gani ai, Dakta. Cikin ne ya kawo ni."

"To ba wahala. Lafiyarsa ƙalau. Kamar sati biyu ya rage, zai sauka."

"Da kansa?"

"Da kansa mana. Sun iya abinsu."

"Ba allura?"

"Allurar me? Kar ka ba shi magani ko ɗaya, ka ji? Ko ɗaya. Ka ƙara masa abinci, ka samo kwali ka shimfiɗa tsumma, ka ajiye a wuri mai ɗumi inda ba hayaniya."

Ku da kuke karanta wannan kun riga kun gane. Ni ban gane ba. Na shigo da muzuru, na ji likita ta ce "yana", sai zuciyata ta ce to ai shi ke nan, namiji ne, ciki ya kumbura, kumburi zai sauka. Ni da nake cin abinci da bambancin "ya" da "ta", ni da na fi kowa sanin yadda ake magana a garin nan, ranar ce kaɗai a rayuwata na ɗauki "ya" da muhimmancin da ba ta nema ba. Maganar kwali da tsumma kuwa, na ce saboda sanyin Jos ne.

Na biya kuɗin kati da na dubawa, na fito raina a ɓace. Kuɗin da zai sha min man babur na mako guda, an karɓe don a gaya min abin da idona ya riga ya gani. Ko ƙwaya ɗaya ba a ba ni ba. A wurinmu, asibitin da ka je ka fito ba allura ba magani, ai gaisuwa ka je.

Duk da haka na jira. Kwana goma ina auna cikin Soja da ido safe da yamma, kuma maimakon ya sauka sai ƙaruwa yake yi. Wata rana na ɗora hannu na ji abu ya motsa a ciki. Na zabura har na buge kai da ƙofa. Na ce shi ke nan, tsutsotsi ne, kuma sun girma. A makon ne Hajiya ta ce ta kusa dawowa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na wuce kasuwar dabbobi, wurin wani mai sayar da magani. Don Allah kar ku ga laifin mai maganin, domin bawan Allahn nan ya yi iya ƙoƙarinsa.

"Malam, ni fa na shanu da awaki na sani," in ji shi. "Mage ban taɓa ba. Ka kai wa likita."

Na ce, "Na kai. Kuɗina kawai aka ci. Tsutsa ai tsutsa ce, ko a cikin wa take."

Ya ba ni wata ƙaramar kwalba mai hoton saniya, yana ta nanata cewa shi dai ba ruwansa. Kuɗinta bai kai rabin na kati ba. Na dawo gida ina jin kaina a matsayin mutum mai dabara. Na lissafa cewa idan akuya na shan murfi ɗaya, mage sai a ba ta kwata (lissafin malamin Hausa ke nan). Na zuba a kifin gwangwani na ajiye masa. Soja ya shinshina, ya lasa sau biyu, ya ɗago ya dube ni, ya yi tafiyarsa.

Da safiyar Asabar na tarar da shi cikin durowar kayana, yana haki, yana wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Tsoro ya kama ni sosai, kuma da yake ba na son in tuna da kwalbar, sai tsoron ya koma fushi da Dakta. Na sa shi a kwali, na jefa kwalbar a aljihu ban san dalili ba, na tari keke.

Asibitin cike yake. Ga wata mata da kaji a kwando, ga wani dattijo riƙe da ƙaton kare, ga wasu a tsaye. Ban bi layi ba. Na dire kwali a kan tebur, na ɗaga murya irin ta aji.

"Dakta, kin ce zai sauka! Yau kwana goma sha biyu, ciki sai gaba yake yi! Amanar mahaifiyata ce wannan. In ba ki san aikin ba, ai sai ki faɗa tun farko!"

Ta buɗe kwalin, ta leƙa, ta ce, "Oga, rage murya. Ya fara."

"Ya fara me?"

Ta sa safar hannu ta ɗago wani ɗan abu jiƙaƙƙe, baƙi, yana motsi. Wallahi abin da ya fito daga bakina, a gaban jama'a, shi ne:

"Ɓera ya haɗiye?"

Dakta ta sauke tabaranta daga goshi ta dube ni da kyau.

"Wane ɓera? Ɗansa ne. Haihuwa yake yi."

"Haihuwa kuma? Namiji?"

"Wane namiji? Wannan mace ne! Ban ce maka yana da ciki ba?"

Sai a lokacin kalmomin suka dawo min ɗaya bayan ɗaya, kowace ta zauna a inda ya kamata. Ciki. Sati biyu. Sauka. Kwali da tsumma. Matar nan ta gaya min komai da Hausa, ni ne ban ji Hausa ba. Mai kaji ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Dattijon mai kare ya matso yana ƙare min kallo.

"Tsaya," in ji shi. "Ba kai ne malamin Hausa a makarantar 'yata ba? Wanda ya ba ta sifili saboda 'ya' da 'ta'?"

Na ce kama ce. Ya ce a'a, ni ne, har hular ya gane.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai. Amma Dakta tana cikin aiki ta tambaya, ba tare da ta ɗago ba, ko na ba shi wani abu. Na yi kamar ban ji ba. Ta sake tambaya. Na zaro kwalbar mai hoton saniya na ajiye a tebur. Fara'ar nan tata ta ɗauke gaba ɗaya, dariyar ɗakin ma ta mutu.

"Nawa ya sha?"

"Lasa biyu."

"Abu ɗaya na roƙe ka," ta ce. "Ɗaya."

Ta sa na zauna a benci a waje. Awa uku na yi a wurin, kuma ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Ina ta addu'a Allah ya tashi kafaɗun mage, ina tunanin da wane baki zan kalli Hajiya. Soja ta haifi huɗu. Uku sun kama nono. Na ƙarshen ya zo ba ya numfashi, Dakta ta yi ta murza shi da tawul, bai motsa ba. Na tambaye ta ko maganin ne.

"Ba zan ce maka shi ne ba, ba zan ce maka ba shi ba ne," in ji ta. "Haihuwar fari yana zuwa da haka. Ka gode wa Allah uwar ya fi ka wayo, bai cinye kifin ba."

Har yau ban san amsar ba, kuma abin yana damuna.

Da la'asar na kira Hajiya. Na ce, "Hajiya, albishirinki. Ashe Soja mace ce!"

"To da mece ce?" in ji ta. "Kullum ina tambayarka ta ci, ta sha, ba ka ji?"

Ina ji mana. Na ɗauka don kalmar mage tamata ce shi ya sa take cewa "ta". Wato mai cewa "ya" na gaskata ta, mai cewa "ta" na yi mata fassara. Na ce to ai sunan ne ya ruɗe ni. Ta ce, "Su sojojin ba mata a cikinsu?"

Sannan ta tambaye ni nawa aka samu. Na ce huɗu, uku sun tsaya. Sai ta ce, "Me ka ba ta?" Ban san yadda iyaye mata ke yi ba. Na faɗa mata gaskiya duka, har da hoton saniya. Ba ta yi faɗa ba, kuma na so a ce ta yi. Cewa kawai ta yi idan an yaye su za ta ɗauki Sojarta, 'ya'yan uku kuma nawa ne, in riƙe su in koyi riƙon amana.

Abin da na koya dai shi ne, in likita ta ce kar ka ba da magani, wannan maganar ita ce abin da ka biya kuɗi ka saya. Kuma in ba ka gane magana ba, tambaya ta fi araha. Ni da na yi ƙorafin kati ɗaya, ga ni da kati uku, da allurar rigakafi uku, da bakuna uku da ba sa cin tuwo.

Ranar da na kai su rigakafin farko, Dakta ta ɗauko katunan za ta cike. Ta ɗaga ɗan farin cikinsu, ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan mace ko namiji?"

Na ce, "Dakta, ke dai duba ki rubuta. Duk abin da kika ce, shi ne."